Wa Zai Rufa Wa Ɗan Daudu Zane?

 Maganar da na ɗauko yau ba irin wadda aka saba ji daga bakin katikis ba ce, na kuwa san wasu za su ninke jaridar tun daga ganin kan magana. Ina roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin da laifina zan fara kafin in taɓo na kowa.

A daminar 2020, lokacin da 'yan bindiga suka tasar wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa, mata da yara na wata ƙaramar ikilisiyarmu sun gudo cikin dare, suka sauka a tashar motar wani gari da ba zan kama sunansa ba. Ba tabarma, ba ko ƙwaryar gari. Wanda ya fara buɗe musu tukunya shi ne wani ɗan daudu mai sayar da shinkafa da miya a bakin tashar. Kwana uku yana zuba musu abinci safe da yamma, bai karɓi ko kwabo ba, bai kuma tambayi inda suke yin sujada ba.

Bayan kamar shekara guda, wata ranar kasuwa, na sauka a wannan tasha na tarar da cincirindo. Samari ne suka kewaye mutumin nan, sun kifar da tukwanensa, sun yage masa riga da zanen da yake ɗaurawa in zai yi girki, suna ta jibgarsa da gora, yara kuwa na biye da ihu da dariya. Da na tambayi abin da ya yi, sai aka ce wai ya yi wa wani saurayi magana da rangwaɗa irin ta mata. Ni kuwa, da Littafi Mai Tsarki a cikin jakata, sai na laɓe a bayan wata motar itace ina leƙe. Wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, 'yar zumuntar mata, ta kutsa cikin taron, ta cire zanen da ta yafa ta rufa masa, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ce duk mai son ƙara dukansa sai ya fara da ita. Kunyar furfura ta kama su, suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Babu Bahaushen da zai ce bai san 'yan daudu ba. Tun zamanin kakanninmu suna nan, maza ne masu magana da tafiya da sana'a irin ta mata, a tashoshi da kasuwanni da gidajen biki, kuma da yawanmu mun ci tuwonsu da soyayyar kazarsu a kan hanyar Funtuwa ko Kano ba mu ce komai ba. Wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya rubuta littafi a kansu a 2009, ma'anar sunan littafin kuwa ita ce Allah ne ya yi mu. A yau kuma ana jin labarin masu sauya jinsi, wato waɗanda aka haifa maza amma suke ɗaukar kansu mata suna rayuwa a haka, ko kuwa akasin haka. Ba kowane ɗan daudu ne yake cikin waɗannan ba, amma mai gora ba ya tsayawa ya bambance.

Abin kuwa bai tsaya ga tashar garinmu ba. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta hana auren jinsi ɗaya, mai ɗauke da hukuncin ɗaurin shekara 14. Wata guda bayan haka wasu gungun mutane suka shiga unguwar Gishiri a Abuja da dare, suka fizgo samari kimanin 14 daga ɗakunansu suka yi musu dukan kawo wuƙa, suna cewa tsabtace unguwa suke yi. Alhali kuwa dokar nan, ko mutum yana sonta ko ba ya so, alƙali ta ba hukunci, ba ta ba kowa sanda ba.

Ran 8 ga Agusta, 2024, aka tsinci gawar wata da aka fi sani da Abuja Area Mama a gefen babbar hanyar Katampe zuwa Mabushi, da raunuka a jiki. Shekararta 33. Namiji aka haife ta, amma shigar mata take yi, tana kuma da dubban mabiya a TikTok, inda ta taɓa ba da labarin harin da aka kai mata tun kafin wannan. Na san wani zai ce don me na rubuta "ita". To, haka ta kira kanta, ni kuma ban ga amfanin yin gardama da gawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne abin da na gani a wayoyin matasanmu a makon nan: dariya, da "Allah ya ƙara", daga yaran da na koya wa Dokoki Goma da bakina kafin a yi musu baftisma.

Jama'a, in akwai mutanen da bai kamata su yi wa jinin wani dariya ba, mu ne. Mu ne muka kwana shida ba barci a Disamban 2020, sa'ad da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, har ranar da aka sako 344. A watan Mayu na 2022 an shiga majami'ar Katolika ta Gidan Mai Kambu a ƙaramar hukumar Ƙafur, aka tafi da limamai biyu. A cikin watan nan ne kuma taron ɗalibai ya kashe Deborah Samuel a Sakkwato, muka yi kuka muka ce ina ma a ce kotu aka kai ta. A Maris na 2025 wani taro ya kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, maƙwabtanmu Musulmi suka yi irin kukan da muka yi. Duk wanda taro ya taɓa kewayewa ya san cewa a wannan sa'a ba a sauraron hujja, abin da kawai yake nema da ido shi ne mutum ɗaya da zai ce a bari.

Da na kai wannan magana gaban dattawan ikilisiya, abu biyu suka faɗa, kuma ban raina ko ɗaya ba. Na fari, ai Maimaitawar Shari'a sura 22 ta hana namiji sa tufafin mata. Gaskiya ne, ni ma ina koyar da ita, ban kuwa zo in soke koyarwar ikilisiya a kan aure ko tufafi ba. Sai dai a Yohanna sura 8 an kawo wa Yesu mace da aka kama tana zina, masu kawo ta suna da aya a hannun dama da dutse a hannun hagu, ayar tasu kuma daidai take. Bai musa ayar ba. Ya sa kowa ya duba zunubin kansa, har duwatsun suka zube, sa'an nan, da ya rage daga shi sai ita, ya yi mata gargaɗi. A lura da jerin abin: sai da ya tsirar da ranta tukuna. Mu kuwa mun fi son mu yi wa'azin, mu bar ceton ran ga wanda ya ga dama. Haka nan a Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya hau karusa ya zauna kusa da wani bābā mutumin Habasha, irin mutumin da Shari'ar Musa ta hana shi shiga taron jama'ar Ubangiji saboda yadda jikinsa yake, ya buɗe masa Littafi, ya yi masa baftisma a ruwan bakin hanya.

Magana ta biyu ta fi nauyi. Wani dattijo ya ce: "Malam, mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. In aka gan mu muna kare ɗan daudu, gobe za a ce Kirista ne suke goyon bayan luwaɗi, a huce a kan majami'armu." Wannan tsoro ne ya laɓe da ni a bayan motar itace, saboda haka ba zan yi kamar ban san shi ba. Amma sai na tuna da Malam Abubakar Abdullahi, wanda ya yi limancin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ta jihar Filato. Ran 23 ga Yuni, 2018, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Bai yarda da abin da muka gaskata game da Yesu ba, bai kuwa zama Kirista don ya ɓoye su ba, kuma da ya tsaya lissafin abin da mutanensa za su ce, da an yi jana'iza mai yawa. Mun yaba masa a majami'unmu, muka ce ga Basamariye na zamaninmu. To, yaya za mu karɓi irin wannan alheri daga hannun wani, mu kuma hana shi ga wanda yake ƙasa da mu ƙarfi?

Ba abu mai wuya ake nema daga gare mu ba. Wanda ya ga ana dukan irin waɗannan bayin Allah, ya kira dattawan tasha ko mai unguwa ko 'yan sanda, in yana da furfura ya shiga tsakani. Mai babur ya kai wanda aka ji wa rauni asibiti. Iyayen da Allah ya ba su ɗa mai irin wannan hali kada su kore shi, gama yawancin waɗanda ake samu a tasha daga gida aka fara korarsu, kuma yaron da ba shi da gida kowa na iya taɓa shi.

Ran nan, bayan taro ya watse, na fito daga maɓoyata na taimaki tsohuwar muka kai shi wurin mai magani, aka ɗinke masa goshi. A hanyar komowa na ce mata: "Inna, ba ki ji tsoro ba?" Ta ce: "Na ji mana, Malam. Amma jikokina uku sun ci shinkafarsa, kuma ko ba su ci ba, ai ɗan wata ne." Ba ta tambaye ni inda nake sa'ad da ake dukan ba, ko da yake na tabbata ta gan ni.

Mutumin bai ƙara mako guda a garin ba. Wasu sun ce Kano ya nufa, wasu sun ce Zariya. Wani mai shayi ne yanzu a rumfarsa, kuma duk sa'ad da na sauka a tashar nakan tambayi direbobi ko akwai wanda ya gan shi, domin akwai gafarar da ban roƙa ba tukuna.