Darasin Lissafi A Makarantun Abuja: Tun A Aji Huɗu A Ke Buɗe Ƙofar Jami'a Ko A Rufe Ta

A tsakiyar watan Oktoba na 2025 ne Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da ke Abuja, a ƙarƙashin Minista Dakta Tunji Alausa, ta ba da sanarwar sassauta sharuɗɗan shiga jami'o'i da sauran manyan makarantu na ƙasar nan. Abin da ya fi jan hankalin jama'a cikin sanarwar shi ne, ɗalibin da ke neman karanta fannonin adabi, kamar harsuna da tarihi da addini, ba lalle ne ya zo da kiredit a darasin Lissafi ba. Kafin ka ce kwabo labari ya bazu cewa wai gwamnati ta soke Lissafi. Bayan 'yan kwanaki sai ma'aikatar ta sake fitowa ta yi bayani cewa Lissafi yana nan daram, kuma tilas ne ko wane ɗan sakandare ya yi rajistarsa, ya zauna jarrabawarsa.

Wannan ruɗani ya nuna cewa iyaye da yawa ba su san yadda a ka tsara wannan darasi ba, balle su san lokacin da ya kamata su sa baki. Alhali kuwa ofisoshin da ke yanke hukunci a kan al'amarin suna nan kusa da mu cikin Birnin Tarayya. Hukumar da ke tsara manhajar makarantu, watau NERDC, wadda a ka kafa cikin 1988, tana Sheda a Ƙaramar Hukumar Kwali, a kan hanyar Lokoja. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda ta soma aiki a wannan shekara da Farfesa James Ezeilo a matsayin shugabanta na farko, ita ma tana Sheda. Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a, wadda a ka kafa cikin 1978, hedkwatarta tana Bwari. Duk da haka, sau da yawa uba ba ya gane abin da ɗansa ya zaɓa a makaranta sai ran da a ka hana shi gurbin karatu.

LISSAFI IRI BIYU

Dattawan da su ka yi sakandare kafin tsarin 6-3-3-4 sun tuna da shekara biyar a jere, daga aji ɗaya zuwa aji biyar. Tsarin da a ka soma aiki da shi cikin 1982 ya raba sakandare gida biyu, shekara uku a ƙarama, shekara uku a babba. A ƙaramar sakandare Lissafi ɗaya ne ga kowa, ba zaɓi. Bayan jarrabawar kammala aji uku ne a ke raba yara, wasu ɓangaren kimiyya, wasu kasuwanci, wasu adabi. To, a nan ne, sa'ad da yaro bai wuce shekara 14 ko 15 ba, a ke yanke shawarar da za ta bi shi har girmansa.

A babbar sakandare kuwa Lissafi iri biyu ne. Na farko shi ne Lissafin Gama-gari, wanda ya ke wajibi a kan kowa. Sabuwar manhajar da Gwamnatin Tarayya ta fitar cikin 2025, wadda ta rage darussan babbar sakandare zuwa takwas ko tara, ta bar shi cikin darussan tilas tare da Turanci. A cikinsa ne a ke koyon aljabara da auna fili da kusurwoyi da lissafin riba da ƙididdiga. A jarrabawar WAEC takarda biyu ce: ta farko tambayoyi 50 na zaɓar amsa, ta biyu tambayoyi 13 da a ke amsa 10 daga cikinsu, a nuna aiki daki-daki.

Na biyu shi ne Lissafi Mai Zurfi, wanda 'yan makaranta su ka fi sani da Foda Mas. Wannan ganin dama ne, kuma an jera shi cikin darussan ɓangaren kimiyya. A cikinsa ne yaro ya ke zurfafawa a kalkulas, watau lissafin saurin da abu ke canjawa, da lissafin ƙarfi da motsi wanda injiniyoyi ke dogara da shi wajen gina gada ko ƙera inji, da kuma lissafin yiwuwar aukuwar abu. Ba ko wace makaranta ce ke koyar da shi ba, domin malamansa ba su da yawa, kuma ko inda a ke koyarwa, yara ƙalilan ne ke ɗaukarsa.

ABIN DA JAMI'A KE NEMA

Sakamakon jarrabawar WAEC da na NECO, wadda a ka kafa cikin 1999 da hedkwata a Minna, yana farawa daga A1 ya ƙare a F9. Daga A1 zuwa C6 shi a ke kira kiredit. D7 da E8 kuwa an ci, amma ba su biyan bukatar jami'a. Sharaɗin shiga jami'a shi ne kiredit biyar, cikin zama ɗaya ko biyu, tare da Turanci. Bisa sanarwar 2025, Lissafi wajibi ne ga mai neman kimiyya da fasaha da kuma fannonin nazarin zamantakewa. A lura da wannan na ƙarshe da kyau, domin a cikinsa ne ilmin tattalin arziki da kimiyyar siyasa da nazarin halayyar al'umma su ke, kuma yawancin masu neman su daga ɓangaren adabi da kasuwanci su ke fitowa. Har wa yau, sanarwar ta ce mai neman babbar difloma sai ya zo da Turanci da Lissafi duka.

Bayan wannan kuma ga jarrabawar JAMB, wadda a ke rubuta darussa huɗu a cikinta, Turanci da wasu uku, a kan maki 400. Mai neman aikin injiniya sai ya rubuta Lissafi da Fiziks da Kyamistare. Mai neman ilmin kwamfuta ko tattalin arziki ko aikin akanta, shi ma Lissafi yana cikin darussansa. Mai neman aikin likita ba ya rubuta Lissafi a JAMB, Bayoloji da Kyamistare da Fiziks ne nasa, amma in ba shi da kiredit a Lissafin sakandare, ko ya ci maki nawa ba za a dube shi ba.

Mai karatu zai iya tambaya, to ina amfanin Lissafi Mai Zurfi, tun da yawancin jami'o'i ba su sa shi cikin sharaɗi ba? Amsar tana cikin ajin farko na jami'a. Duk ɗalibin kimiyya da na injiniya sai ya yi kalkulas a shekararsa ta farko. Wanda ya yi shekara uku yana Lissafi Mai Zurfi, bita ce ya ke yi. Wanda kuwa bai yi ba, zai haɗiye aikin shekara uku cikin 'yan watanni, a ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, inda ba mai tsayawa jiransa. Takardar shiga ba ta tambaye shi ba, amma karatun ya tambaye shi.

TSANI NE, BA A TSALLAKE MATAKI

Abin da ya bambanta Lissafi da sauran darussa shi ne, ko wane babi a kan na baya ya ke zaune. Yaron da ya yi fashin darasin tarihin Daular Borno yana iya fahimtar na Daular Usmaniyya. Amma wanda bai iya tara rabi da sulusi ba, ba zai iya aljabara ba, domin aljabara ita ce wannan aiki da haruffa a maimakon lambobi. Wanda bai iya aljabara ba kuwa, kalkulas ya gagare shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sabo da haka ne yajin aikin da malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya su ka yi cikin 2025, daga watan Maris har zuwa Yuli, a kan batun mafi ƙarancin albashi, ya zama abin dubawa. Fiye da wata uku makarantun gwamnati na Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da kewayen birni suna rufe. Yaran da ke ajin da a ke koyon raba lamba da ɓangarorinta a lokacin, nan da 'yan shekaru za su tsaya a gaban malamin da ke raba ɗalibai zuwa kimiyya da adabi. In ba a cike musu wannan giɓi ba, za a ce ba su da kan Lissafi, alhali kuwa darasin ne bai same su ba.

Birnin Tarayya yana da makarantun da a ka keɓe domin kimiyya, kamar Makarantar Masu Hazaƙa ta Gwagwalada, da Sakandaren Kimiyya ta 'Yan Mata da ke Kuje, da ta Tungan Maje. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Arewa. Tun cikin 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyin da su ka fito daga cikinsu shaida ne. Sai dai gurabe a irin waɗannan makarantu kaɗan ne, yawan jama'ar Abuja kuwa kullum ƙaruwa ya ke yi tun daga ran 12 ga Disamba, 1991, da gwamnati ta taso daga Ikko. Yawancin yara a makarantun je-ka-ka-dawo na Nyanya da Karu da Kubwa da Zuba su ke, kuma a can ne ya kamata a kai ƙwararrun malamai.

MASU ADABI FA?

Babu shakka sassaucin da a ka yi yana da dalili. Ma'aikatar ta ce fiye da mutum miliyan biyu ke rubuta JAMB ko wace shekara, amma wajen 700,000 ne kawai ke samun shiga. Akwai yara masu basira a Hausa da Larabci da tarihi da su ka yi shekaru a gida sabo da D7 a Lissafi. Buɗe musu ƙofa adalci ne.

Amma kada ɗan adabi ya ɗauka an raba shi da lamba. Alƙalin da zai raba gado sai ya fitar da tumunin matar mamaci da sudusin uwarsa kafin ya waiwayi 'ya'ya, wannan kuwa shi ne lissafin ɓangarori da a ke koya a firamare. Ɗan jarida yana karanta kasafin kuɗi, ɗan kasuwa yana lissafin riba da haraji. Daɗin daɗawa, zuciyar yaro tana canjawa. Wanda ya ce tarihi ya ke so yana shekara 15, yana iya son tattalin arziki yana shekara 18. In ya riƙe kiredit ɗinsa, hanya a buɗe ta ke. In ya yar, sai ya sake biyan kuɗi ya sake zama.

Kuma kada wani ya ce Lissafi ilmin baƙi ne. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya rubuta littafi cikin 1732 a kan tsara lambobi a gidajen hatimi yadda jimlarsu za ta zo ɗaya ta ko wace fuska, kuma masana tarihin Lissafi na duniya suna ambatonsa har yau. A zamaninmu kuma ga Farfesa Iya Abubakar, masanin Lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE

Uban da ɗansa ko 'yarsa ke aji uku, yanzu ne lokacinsa. Ya je makaranta da ƙafarsa ya tambayi shugabanta abu uku: wane ɓangare za a sa yaron, ko a na koyar da Lissafi Mai Zurfi, kuma ko akwai malaminsa na dindindin. Ya duba littafin JAMB mai bayyana darussan da ko wane fanni ke bukata, tun yaro bai shiga aji huɗu ba. In ya ga rauni a Lissafin aji uku, ya nemi a gyara shi a lokacin, domin canja ɓangare a aji shida abu ne mawuyaci. 'Yan mata ma a ba su wannan dama daidai da maza, gama asibitocinmu suna bukatar likitoci mata.

Hukumar Makarantun Sakandare ta Birnin Tarayya kuwa, alhakinta ne ta tabbatar ko wace babbar sakandare mai ɓangaren kimiyya ta sami malamin Lissafi Mai Zurfi, ko da makarantu biyu ko uku na kusa da juna za su yi tarayya a kan malami ɗaya. Bai kamata a ce a na rubuta manhaja a Sheda, amma yaron ƙauyen da ke maƙwabtaka da ita bai taɓa ganin mai koyar da ita ba. Da hanau gara mannau.