Amalanken Baƙin Mai: Darajarsa da Ƙa'idojin Gyaransa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun fi mai da hankali ga kayan sana'o'in gargajiya, kamar ƙira da jima da saƙa, sun bar baƙin kayan da zamani ya kawo. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kaya shi ne amalanken baƙin mai na tsofaffin gidajen mai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa darajar wannan abu tana cikin alamomin da ke jikinsa, kuma gyaran da ya shafe su ɓarna ne.

2.0 Siffarsa da Asalinsa

Amalanken baƙin mai tanki ne na ƙarfe wanda aka ɗora bisa ƙafafu, da famfon hannu a kansa. Ma'aikaci yakan juya mariƙin famfon, mai ya zubo cikin kwalba ko gwangwanin awo, sa'an nan a ɗura wa mota ta mazurari. Asalin irin wannan famfo yana komawa ga wani Ba'amurke, S. F. Bowser, wanda ya ƙera famfon auna kananzir a 1885. Da aka soma sayar da baƙin mai a gwangwani da jarka rufaffu, sai aikin amalanken ya ƙare.

A Amurka da Ingila akwai masu tara irin waɗannan kaya, suna saye a gwanjo. A nan kuwa, makomar tsohon ƙarfe ita ce hannun 'yan gwangwan, inda sikeli kaɗai ke yanke masa farashi.

3.0 Abin da ke Ba Shi Daraja

Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, don haka tana cikin garuruwan da mota da gidan mai suka daɗe da zama. Abubuwa uku ne ke sa tsohon amalanke daga irin wannan gari ya wuce matsayin tarkace.

Na farko, sunan kamfani. A 1976 gwamnati ta karɓi Esso ya koma Unipetrol, wanda ya zama Oando a 2003. Haka kuma a 1979 aka karɓi BP ya koma AP. Ke nan amalanken da ke ɗauke da tambarin Esso ko BP yana faɗin zamaninsa da kansa. Wanda aka shafa wa sabon tambari bisa tsoho ya ma fi, domin kowane rufin fenti shafi ne na tarihin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa.

Na biyu, ma'auni. Galan na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka kuwa lita 3.79. Awon da aka buga a jikin famfo yakan nuna ƙasar da aka ƙera shi dominta. In an sami farashi da sule da kwabo irin na fam, to, an rubuta shi kafin zuwan naira a 1973.

Na uku, cikar kaya: famfo na asali, da murfi, da ƙafafu, da ɗan farantin da maƙera suka manna mai ɗauke da lamba. Ga mai nazarin harshe ma akwai riba, domin tare da waɗannan kaya ne kalmomi irin su fetur da galan da tanki da famfo suka zauna daram cikin Hausa. Ita kanta kalmar amalanke daga Yarbanci aka aro ta.

4.0 Ƙa'idojin Gyara

Maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna sun shahara da ta da mataccen ƙarfe, amma burinsu shi ne abu ya koma aiki, ya yi ƙyalli. Gyaran adana tarihi dabam yake. Kafin a taɓa komai, sai a ɗauki hoto, a rubuta inda aka samo shi da duk rubutun da ke jikinsa. A wanke da sabulu da laushin buroshi, a tsayar da tsatsa, amma kada a kankare fenti na asali. In dole ne a musanya wani sashe, a ajiye tsohon, a kuma rubuta abin da aka yi. Har wa yau, kada a kai wutar walda kusa da tanki sai an tsabtace cikinsa sarai, domin tururin mai yana fashewa. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma, wadda ƙurarta guba ce.

5.0 Kammalawa

Gidan adana kayan tarihi da ke Titin Ali Aƙilu, wanda aka buɗe a 1975, da Gidan Arewa da ke Titin Rabah, su ne wuraren da suka dace su nemi irin waɗannan kaya, su haɗa da bayanan dattawan da suka yi aiki da su. Abin yana bukatar hanzari, domin takarda ana iya kwafarta, amma ƙarfen da ya shiga tukunyar narkarwa ya tafi ke nan.