Mai Gida da Mai Neman Gida: Rigimar Koriyar Ɗamara a Ingila

Ockham ƙaramin ƙauye ne a yankin Surrey, kudu maso yammacin Landan, mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Dab da shi akwai tsohon filin jirgin sama na Wisley, inda kamfanin Vickers ya riƙa gwada jiragensa har zuwa farkon shekarun 1970. Titin jirgin yana nan, kankaren ya tsattsage, ciyawa ta ɓullo ta cikin tsagun, dama da hagu kuma gonaki ne. A watan Mayun 2024, bayan kusan shekara goma ana kai ruwa rana, sufeton tsare-tsare na gwamnati ya ba kamfanin Taylor Wimpey izinin gina gidaje har 1,730 a wurin. Gari sukutum ke nan za a dasa a gefen ƙauye.

Har zuwa 2019 filin yana cikin abin da ake kira koriyar ɗamara, wato filayen da ke kewaye da manyan biranen Ingila waɗanda aka hana gini a kansu sai da ƙwaƙƙwaran dalili. An fara da Landan da dokar 1938, sannan a 1955 ministan gidaje Duncan Sandys ya nemi sauran birane su shata nasu. Yau ɗamarar ta kai kusan hekta miliyan 1.6, kimanin kashi 12 cikin ɗari na ƙasar Ingila. Manufar ita ce kada birni ya yi ta malala har ya haɗiye maƙwabtansa. Duk wanda ya ga yadda Kano ta cinye gonakin ƙauyukan da ke gefenta zai gane abin da Turawan suka ji tsoro.

Mutum biyu ne ke jan wannan igiya: wanda yake da gida a ƙauye, da wanda ke neman gida bai samu ba.

Na ƙauye shi ake saurin zargi da son kai, amma in ka saurare shi da kyau za ka ji magana mai nauyi. Hanyoyin da ke kewaye da Ockham ƙanana ne, masu kwana-kwana, wasu in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe. Tashoshin jirgin ƙasa mafi kusa, Horsley da Effingham Junction, ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai sammakon aiki, don haka kusan kowane sabon gida zai zo da mota, wani ma biyu. Sai maganar likita: mutumin da yake jiran mako biyu kafin ya samu ganin likitan unguwa, me za ka gaya masa in an ƙaro dubban mutane? Haka gurbin makaranta, haka magudanar ƙazanta da tun yanzu take ambaliya cikin rafuka idan ruwa ya yi yawa. Akwai ma wata hujja da baƙo ba zai taɓa tunaninta ba. A dajin Ockham da Wisley akwai tsuntsayen da a ƙasa suke saƙa gida su yi ƙwai, doka tana kare su, har ba a yarda a gina gidan zama a tazarar da ba ta kai mita 400 daga wurin ba, saboda kyanwowi da karnukan sababbin maƙwabta. Kuma gona in an zuba mata kankare, ta tafi ke nan.

Shi kuwa mai neman gida, hujjarsa gajeriya ce, lissafi ne kawai. A 1997 farashin matsakaicin gida a Ingila ya kai kamar ninki uku da rabi na albashin shekara na matsakaicin ma'aikaci. Yanzu yana wajen ninki takwas, a Landan da kewayenta kuwa ya haura goma. Iyalai fiye da miliyan ɗaya suna layin gidajen haya masu rangwame, sama da dubu ɗari kuma ƙananan hukumomi sun ajiye su a matsugunan wucin gadi, da yaransu. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba tsofaffin Surrey, da malamin da ke koyar da jikokinsu, da yawa ba za su iya sayen ko ɗaki biyu a can ba. Sai su tsallake ɗamarar su kama gida a garuruwan bayanta, kullum su ratsa ta da mota safe da yamma. Ashe malalar da aka hana ba ta tsaya ba, tsalle ta yi.

Inda ma'aunin ya karkace shi ne wajen murya. Ranar da za a zauna kan takardar neman izinin gini, zauren ƙaramar hukuma cike yake da 'yan ƙauye, da allunansu, da lauyan da suka yi karo-karo suka ɗauka. Wanda zai zauna a gidan da ake faɗa a kai ba ya wurin. Bai ma san gidansa ne ake tattaunawa ba, yana can yana biyan hayar ɗaki a wani gari, ƙuri'arsa ma ba a mazaɓar take ba. 'Yan siyasa sun fi kowa sanin haka. A watan Afrilun 2019 ƙaramar hukumar Guildford, wadda Ockham ke ƙarƙashinta, ta amince da tsarin da ya cire Wisley da wasu filaye daga ɗamarar, a zaɓen watan Mayu jam'iyyar Conservative ta faɗo daga kujeru 35 zuwa 9. A 2021 jam'iyyar ta rasa mazaɓar majalisar dokokin ƙasa ta Chesham da Amersham, wadda ta daɗe tana riƙe da ita, kuma tsoron sauya dokokin gini yana cikin abin da ya kayar da ita. Zuwa ƙarshen 2022 minista Michael Gove ya sassauta, adadin gidajen da ake ɗora wa kowace ƙaramar hukuma ya zama shawara kawai.

Amsar da 'yan ƙauye suka fi so ita ce a je a gina a kangon tsoffin masana'antu. Ƙungiyar CPRE mai kare karkara ta ce irin waɗannan wurare za su ɗauki gidaje fiye da miliyan ɗaya. Da gaskiyarsu, kuma ya kamata a fara da can. Sai dai share kango da tsabtace ƙasar da guba ta shiga yana cin kuɗi, kuma ba duk kangon ne yake inda ake tsananin buƙata ba. Kangon masaƙa a arewacin Ingila ba zai kwanar da mai aiki a Guildford ba. Sannan ba duk abin da ke cikin ɗamarar ne kore ba. Akwai filayen golf, da gidajen mai da aka rufe, da wuraren ajiye motoci. Mafi yawanta ma gonakin mutane ne da ba kowa ke da ikon shiga ba.

Ni dai a ganina haƙƙin mai neman gida ya fi nauyi, domin ɗaya kallon tagarsa da lafiyar hanyarsa yake karewa, ɗayan kuwa wurin kwana yake nema. Amma akwai tambayar da 'yan ƙauye ke yi wadda har yau ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba: gidajen nan na wa ne? Gonar da aka ba izinin gini darajarta takan ninka sau goma-goma cikin dare ɗaya, ribar kuma aljihun mai filin da mai ginin take shiga. Kamfani yakan yi alkawarin gidaje masu rangwame da makaranta da asibitin sha-ka-tafi, in izini ya fito sai ya dawo da lissafin cewa aikin ba zai biya ba, a rage masa. Binciken da Oliver Letwin ya yi wa gwamnati a 2018 ya nuna cewa manyan kamfanoni suna sakin gidaje ne kaɗan-kaɗan, daidai yadda kasuwa za ta sha ba tare da farashi ya faɗi ba. To in ƙauye ya rasa gonarsa, ma'aikaciyar jinya kuma ba ta samu gida ba, an yi ba a yi ba.

Gwamnatin Labour da ta hau a 2024 ta yi alkawarin gidaje miliyan 1.5 kafin wa'adinta ya cika. A watan Disamba na shekarar ta mayar da adadin kowace ƙaramar hukuma ya zama dole, jimilla kusan 370,000 a shekara, ta kuma ware wani rukuni na ɗamarar da ta kira mai ruwan toka, wato sassan da ba sa yin aikin da aka shata su dominsa, ta ce a nan za a fara. Sharaɗinta shi ne a irin waɗannan filaye gidaje masu rangwame za su iya kaiwa rabi, tare da hanyoyi da makarantu da filin shan iska. 'Yan ƙauye sun ce ma'anar ruwan tokar ta yi faɗi da yawa, har gonar da ake nomawa tana iya faɗawa ciki. Kamfanonin gini kuma tuni suka fara kukan cewa rabi ya yi musu yawa.