Daga Danna Maɓalli Zuwa Kunne: Yadda Manhajojin Nazarin Harshe Ke Kunna Sauti da Bidiyo

Gabatarwa

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ƙamus da littattafan makaranta da nazarin karuruwan harshe da wannan matsayi ke buƙata duk sun dogara ne ga maganar jama'a kamar yadda take fitowa daga bakinsu. Yawancin ɗalibai a yau da wayar hannu suke naɗar wannan magana, su zuba ta a kwamfuta, su buɗe da ELAN ko Praat. Mukan ɗauka cewa abin da lasifika ta fitar shi ne abin da aka faɗa, kuma lokacin da manhaja ta nuna shi ne lokacin da aka faɗe shi. Ba kullum haka abin yake ba. Tsakanin danna maɓalli da jin sauti akwai matakai, kuma kowane mataki na iya rage wani abu ko ya gusar da lokaci. Wannan maƙala tana bayanin matakan, da misalai daga yankin Cadawa.

Abin da mai nazari ke nema a Cadawa

Cadawa tana gundumar Agye, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram, inda hanyar Mayahi ta rabu. Yamma da ita akwai Maraɗi, mazaunin sarautar Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi, da Tsibiri ta gundumar Gidan Runji, inda sarautar Gobir ta sake zama a ƙarni na 19. Gabas kuma akwai Agye da Gazawa. Ƙasa ce ta noman aya, kuma kasuwancinta na haɗa bakuna daban-daban wuri guda, shi ya sa ta dace da nazarin karin harshe.

Tambayoyin da ake yi a irin wannan wuri ƙanana ne a kunne. Wa ke cewa hwara, wa ke cewa fara? Baƙin farko na kalmar tsada, zuzau ne mai tunzuɗowa, ko kuwa ya koma kusa da c kamar yadda aka sani a karuruwan yamma? Ga kuma abubuwan da rubutun yau da kullum ba ya nunawa: tsawon wasali da ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, karin sautin da ya raba wuyan jiki da wuyar aiki, sai ɗaurin baƙi da ya raba mana da manna. Irin waɗannan bambance-bambance da milisakan ake auna su, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kuskuren milisakan 40, wanda mai kallon fim ba zai taɓa lura da shi ba, ya isa ya sa a ɗora iyakar wasali a cikin baƙin da ke biye da shi.

Manhaja ba ita kaɗai ke aikin ba

Mai rubuta manhajar kwamfuta ba ya ƙera komai daga tushe. Yakan ɗauki akwatin kayan aiki da wasu suka riga suka tanada, wanda ke ɗauke da tagogi da maɓallai da jerin zaɓi, ya harhaɗa. Daga cikin sanannu akwai Qt, wanda Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka fara a Norwe kuma ya fito a 1995, da wxWidgets da aka gina Audacity da shi, da JavaFX na harshen Java.

Idan ɗalibi na son gina ƴar manhajar sauraro da Qt ta harshen Python, abubuwa uku yake haɗawa. QMediaPlayer shi ne jagora, shi ake ba sunan fayil, shi ake ce wa kunna ko dakata. QAudioOutput ke kai sauti ga lasifika. QVideoWidget kuma shi ne filin da hoto ke bayyana. Layuka kaɗan sun wadatar, abin ya fara aiki. Sai dai QMediaPlayer ɗan aike ne, ba shi ke warware fayil ba. Yana miƙa aikin ga wani inji da ke ƙarƙashinsa. A Qt 5 injin ya danganta da kwamfutar: DirectShow ko Media Foundation a Windows, AVFoundation a macOS, GStreamer a Linux. Ke nan manhaja ɗaya da fayil ɗaya na iya ba da sakamako iri uku. Don rage wannan saɓani ne, daga Qt 6.5 na shekarar 2023, aka mayar da FFmpeg injin farko a manyan kwamfutocin. FFmpeg kuwa Fabrice Bellard ya fara shi a 2000.

ELAN, wanda cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da tunani da ke Nijmegen a Holan ke kula da shi, da Java aka rubuta shi, kuma hanyar da yake bi ke nan. A Windows yana kiran Media Foundation ko DirectShow, a macOS yana kiran AVFoundation, a Linux kuma yakan jingina da VLC. Saboda haka idan ɗalibi ya yi wa hira alamomi a kwamfutarsa, malaminsa ya buɗe a tasa ya ji sun ɗan goce, ba lallai ne sakacin ɗalibin ba ne. Mai yiwuwa injinan ne suka bambanta.

Mazubi da matsi

Abin da inji ke fara yi shi ne buɗe mazubi. MP4 da 3GP da Ogg mazubai ne kawai, kamar buhu, wanda sunansa ba ya faɗin abin da aka zuba a ciki. A cikinsu ake samun zaren sauti da zaren hoto, kowanne an matse shi da irin dabararsa: AAC ko AMR ko Opus ga sauti, H.264 ga yawancin bidiyon waya. Inji zai raba zaruruwan, ya warware kowanne, ya tara a ɗan rumbu, sannan ya riƙa sakin su a kan lokaci. Galibi sauti ne agogo, hoto ke bin sa. Idan tsohuwar kwamfuta ta gaza, hotuna ake zubarwa don kada murya ta yanke.

Sauti a kwamfuta jerin awo ne na motsin iska. Fayil ɗin WAV yana ajiye awon yadda yake. Idan ana ɗibar awo 48,000 a sakan, kowanne da bit 16, a layin murya ɗaya, minti guda zai ci kusan megabait 5.8, awa guda kuma kusan 345. Nauyin nan ne ya sa wayoyi ke matsewa, matsi kuwa zubar da wani abu ne.

Akwai ƙa'idar da ya kamata kowane ɗalibin ilimin furuci ya riƙe: naɗi ba ya kama sautin da ya wuce rabin yawan awonsa. Ƙananan wayoyi masu naɗa da AMR awo 8,000 suke ɗiba a sakan, don haka duk abin da ya haura haz 4,000 ba ya shiga. Mafi yawan ƙarfin zuzau s kuwa sama da nan yake. Wanda ya naɗi manomin aya da irin wannan waya, yana son tantance yadda yake furta tsada, ya bar hujjarsa a kasuwar Cadawa tun kafin ya iso gida. Mayar da fayil ɗin WAV daga baya ba ya dawo da abin da bai shiga ba. Saƙon murya na WhatsApp, wanda ke amfani da Opus, ya fi AMR nesa ba kusa ba, amma shi ma matsattse ne. Karin sauti ya fi zuzau jure matsi, saboda haka tsohon naɗin waya na iya amfani ga nazarin karin sama da na ƙasa ko da bai dace da nazarin baƙaƙe ba.

Tsalle zuwa tsakiyar fayil

Mai kallon fim daga farko yake kunnawa ya bari ya tafi. Mai rubuta hira kuwa tsalle yake yi, sau ɗaruruwa a zama ɗaya. A Qt umarnin setPosition na karɓar lokaci da milisakan, abin da ke sa mutum ya zaci za a sauka daidai. Ga WAV haka ne, domin lissafi ne mai sauƙi: sakan 10 shi ne awo na 480,000. Ga matsattsen fayil ba haka ba ne, domin dami-dami aka ɗaure awon. Damin MP3 awo 1,152 ne, kusan milisakan 26 idan ana ɗibar 44,100 a sakan. Na AAC awo 1,024 ne. Ba a kwance rabin dami. Inji mai kula zai kwance dukansa ya zubar da abin da ya riga wurin da aka nema, wani kuwa sai ya fara daga bakin damin. MP3 da nauyin damunansa ke canzawa ya fi wahala, domin wasu injina kintace suke yi.

Akwai kuma ɗan shirun da na'urar matsi ke sakawa a farkon fayil. Na AAC da kayan Apple ke fitarwa awo 2,112 ne, wato milisakan 44 a naɗin 48,000. Injin da ya karanta bayanin mazubi zai cire shi. Wanda bai karanta ba zai bar shi, duk alamomin hirar su gusa da wannan adadi daga farko har ƙarshe. ELAN da milisakan yake ajiye iyakokin a fayil ɗinsa na EAF, kuma lambobin ba su san wane inji ne ya kunna sautin ranar da aka sa su ba.

Bidiyo na da tasa matsalar. H.264 ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye cikakke ɗaya, sannan jerin waɗanda bambanci kawai suka ƙunsa. Don a nuna hoton tsakiya dole a koma ga cikakken da ya gabata a warwaro zuwa wurin. Injin da ke gaggawa sai ya tsaya a cikakken. Ko an sauka daidai, bidiyo mai hoto 25 a sakan milisakan 40 ne tsakanin hoto da hoto, kuma wayoyi da yawa kan sauya wannan gudu idan haske ya ragu. Bidiyo na da amfani wajen ganin kewayar leɓɓa a hw, ko nunin hannun mai magana, amma ba da shi ake auna tsawon wasali ba.

Maimaitawa da rage gudu

Hanya mafi sauƙi ta maimaita ɗan yanki ita ce manhaja ta riƙa sauraron rahoton inji, in an kai ƙarshen yankin ta ce dakata. Rahoton nan jefi-jefi yake zuwa. A Qt 5, in ba a sauya ba, sau ɗaya yake zuwa a sakan. Kafin umarnin dakatawa ya isa, kunne ya riga ya ji gaɓar gaba, sai mai rubutu ya ji doguwar a inda gajera take. Praat, wanda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam, wata hanyar yake bi: yana riƙe da awon kansu, ya miƙa wa katin sauti daidai waɗanda aka zaɓa. Mai gini da Qt na iya yin haka idan ya warware sautin da QAudioDecoder ya zuba yankin a QAudioSink.

Rage gudu ma iri biyu ne. Idan aka saki awon a rabin gudunsu, murya na faɗuwa da rabi, wasula su sauya kama. Idan aka bi dabarar riƙe murya, irin wadda VLC ke da ita, manhaja na yanka sautin gutsi-gutsi tana maimaita wasu. Karin sauti na tsira, amma gajerun abubuwa kamar fashewar ƙ ko shigar ɓ da ɗ na iya dusashewa ko su ninku. Duka biyun na taimakon kunne wajen gane kalma, awo kuwa a kan ainihin gudu ake yin sa.

Abin da ya kamata a yi

Matakan kariya ba su da tsada. Da farko, a naɗa da WAV tun daga fili. Akwai manhajojin waya da ke yin haka, kuma a karɓi fayil ta kebul ko katin ajiya, kada a bi da shi ta hanyar da za ta sake matse shi. Na biyu, in bidiyo aka ɗauka, a ciro sautinsa sau ɗaya da umarni irin wannan:

ffmpeg -i hira.mp4 -ac 1 -ar 48000 hira.wav

Daga nan wannan WAV ɗin ne abin dogaro ga ELAN da Praat baki ɗaya. Na uku, a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara a farkon kowane naɗi. Inda tafin ya bayyana a zanen sauti da inda hannuwa suka haɗu a hoto su ke nuna ko akwai gociya, ELAN kuma na da wurin gyara ta. Na huɗu, a rubuta cikin bayanin hanyar bincike irin wayar, da nau'in fayil, da sigar manhaja, da injin da aka zaɓa, yadda ake rubuta shekarun mai magana da garinsa. Na biyar, a ajiye fayil na asali ba tare da an taɓa shi ba, a wuri biyu.

Kammalawa

Ɗalibin kimiyyar harshe ba dole ne ya zama mai rubuta manhaja ba, ko da yake ƙamus mai magana ko ƴar manhajar rubuta hira da ke aiki ba intanet abubuwa ne da za mu iya ginawa da kanmu, kuma mu muka fi sanin daidaiton da suke buƙata. Abin da ya wajaba a kan kowa shi ne sanin cewa manhajar sauraro ma'auni ce, kuma ma'auni sai an gwada shi kafin a yarda da shi. Duk wanda zai ce mutanen Gidan Runji sun bambanta da na Gazawa a furucin wani baƙi ko tsawon wani wasali, ya fara tabbatar da cewa bambancin daga bakinsu ya fito, ba daga waya ko injin kwamfutarsa ba.