Accra zuwa Jidda: awa 6 a sama, awa 9 a agogo

Tsakanin Accra da Jidda akwai kimanin kilomita 4,600 idan jirgi ya miƙe bai ya da zango ba. Da gudun kilomita 800 a awa, tafiyar awa 6 ce ko kusa da haka. Wanda ya bi ta Alƙahira ko Addis Ababa kuwa, sai ya ƙara da zaman jiran jirgi na biyu.

Abin da ke rikita maniyyata da masu Umra shi ne agogo, domin Saudiyya tana gaban Ghana da awa 3. A ce jirgi ya tashi ƙarfe 11 na safe. Lokacin da zai sauka, agogon hannunka na nuna 5 na yamma, na Jidda kuwa 8 na dare. Wato Azahar da La'asar duk a sama za su riske ka, Magariba ma ta shiga kafin ka taka ƙasa.

Don haka a shiga jirgi da alwala, a tambayi malamai hukuncin kasaru da haɗa salla tun a gida. Dattawa masu shan maganin suga ko hawan jini su tuntuɓi likita kan sauyin lokacin shansa. Allah ya kai mu lafiya.