Shekaru Biyar da Alƙalamin Najib Mahfuz Ya Ƙafe

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami ya san wannan ciwo: ga takarda, ga tawada, an yi shimfiɗa an zauna, amma kai ya cushe, ko layi ɗaya ya ƙi fitowa. Shirinmu na yau zai kai mu Alƙahira, wurin wani da ciwon ya kwantar har shekara biyar.

Najib Mahfuz ke nan, haifaffen unguwar Jamaliyya a 1911. Ma'aikacin gwamnati ne, ya daɗe a ma'aikatar wakafi, kuma rubutunsa ma kamar aikin ofis yake yin sa: lokaci kaza a zauna, lokaci kaza a tashi. Ba mutum ne mai jiran ilhama ta sauko ba. Da wannan tsari ya kammala babban aikinsa a 1952, labarin gida guda tun daga kaka har jikoki, wanda daga baya aka buga shi littafi uku, na farkonsu Bainal Ƙasraini.

Sai ga watan Yuli na shekarar. Hafsoshin soja suka tumɓuke Sarki Faruk, Jamal Abdul Nasir da abokansa suka karɓi ragama. Mahfuz ya yi murna kamar sauran jama'a. Amma da ya koma teburinsa, sai ya tarar rijiya ta ƙafe.

Me ya faru? Shi da kansa ya sha bayyana dalilin. Duk abin da yake rubutawa a baya suka ne ga tsohon zamani: mulkin fada, danniyar Turawan Ingila, talaucin lungunan birni. Yanzu an ce an kawar da wannan zamani. To, wa zai caccaka? Kamar maroƙi ne da ya iso ƙofar gida da kalangunsa, ya tarar maigidan ya ƙaura. Ni a ganina a nan mutane da yawa ke kuskuren gane ciwon. Sai mu ɗora laifin a kan lalaci, ko mu ce basira ta ƙare, alhali sau da yawa abin da ke ci wa marubuci tuwo a ƙwarya ne ya gushe, sabo kuma bai iso ba tukuna.

(Gajeren kiɗa)

Bai zauna ya rafka tagumi ba. Dama tun kafin nan yana taɓa rubutun fim tare da darakta Salah Abu Saif, sai ya koma can gaba ɗaya, har ya zaci ya yi bankwana da adabi ke nan. Rubutun fim kuwa aikin kwangila ne: a ba ka labari, a ba ka wa'adi, ka tsara fitowa-fitowa, ka karɓi kuɗinka. Ba ya bukatar zuciya ta tafasa. Hannu dai bai yi tsatsa ba. Zaman gahawa da abokai ma bai fasa ba, yana jin abin da gari ke ciki, yana kallon yadda alkawuran juyin mulki ke komawa tsoro da rufe baki.

Wajen 1957 abin ya dawo. A 1959 jaridar Al-Ahram ta fara buga sabon labarinsa, Auladu Haratina, kashi-kashi. Ya tayar da ƙura sosai, malaman Azhar suka yi tir da shi, bai fito a matsayin littafi ba sai a Bairut a 1967. Salonsa ma ya sauya: littattafan da suka biyo baya gajeru ne, masu saurin tafiya, da alamar hannun da ya saba da fim. A 1988 ya zama marubucin Larabci na farko da ya samu kyautar Nobel.

Amma akwai bushewa ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. A watan Oktoba na 1994, yana da shekara 82, wani matashi ya daɓa masa wuƙa a wuya a ƙofar gidansa, saboda littafin nan Auladu Haratina. Ya rayu, sai dai jijiyar hannunsa na dama ta lalace. Ga ido ya yi rauni, ga kunne ya yi nauyi. Dattijon nan ya koma koyon riƙe alƙalami kamar ɗan aji ɗaya, har ya iya rubutu na ɗan lokaci kaɗan a yini.

Da ya ga dogon labari ya fi ƙarfinsa, sai ya rage awo. Ya shiga rubuta mafarkansa, kowanne 'yan layuka, wani bai kai rabin shafi ba, ana buga su a mujallar Nisfud Dunya. Da hannun ya sake gazawa, sai ya riƙa tsara mafarkin a ka, ya haddace shi tsaf, ya jira mai rubuta masa ya zo ya yi masa shifta. A haka yake har ya rasu a watan Agusta na 2006.

(Kiɗan rufe shiri)