Labarin Hauwa 'Yar Rabe Yana Jiran Mai Rubutawa

Duk mai bin hanya daga Gadarif zuwa Doka neman riɗi, kamar yadda nake yi kowace kaka, ya san Umm Rakuba. A nan aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira a watan Nuwamba 2020, saboda mutanen Tigray da yaƙi ya koro daga Habasha. In na ga tantunan nan nakan ce a raina: kowanne akwai labari a ciki, na rabuwar masoya, na wanda ya tsallako iyaka ya baro matarsa. Mu ma ai kakanninmu da irin wannan tafiya suka iso ƙasar nan. To, wa ya rubuta namu?

Ku dubi mutanen Ailan. Daga 1845 yunwa ta afka musu bayan cuta ta lalata dankalinsu. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, akasari zuwa Amurka. A can, cikin 1858, suka kafa ƙungiyar Feniyan don ƙwato ƙasarsu daga hannun Ingila. Marubutansu sun mai da wannan tarihi littattafan soyayya: budurwa baƙuwa a Niyok, saurayi mai tara wa 'yan tawaye kuɗi a ɓoye, ga kuma ɗan leƙen asiri a tsakani. Ta haka jikokinsu da ba su taɓa taka Ailan ba suka san inda aka fito.

Wallahi namu bai gaza nasu ba. Ga misali ɗaya. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bar Sakkwato ya zauna a Balda, ƙasar Adamawa. Da Mahadi ya tashi a nan Sudan a 1881, Hayatu ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, Mahadi kuma ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Daga baya ya haɗa kai da Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, har ya auri 'yarsa Hauwa. Amma zama bai yi daɗi ba. A 1898 Hayatu ya yi yunƙurin ficewa daga Dikwa, sai Fadlallah ɗan Rabe ya bi shi da mayaƙa, aka kashe shi.

Ku tsaya ku yi tunanin Hauwa. Miji a gefe guda, ɗan'uwa da uba a ɗayan. Me ta sani kafin ranar? Wa ta yi wa kuka? Nan fa aikin marubuci yake.

Ba shi ke nan ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. An ɗaura aure a hanyar nan, an haihu, an binne, an rabu har abada.

Muna da gwanayen alƙalami. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa sun nuna mana yadda labarin aure ke riƙe mai karatu, shi kuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi da mu hamada a Shaihu Umar, bayan uwa mai neman ɗanta. Saura a haɗa biyun.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka yi tafiyar suna ƙarewa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 kuma ya warwatsa gidaje da yawa. Yaranmu da dama sun fi sakewa da Larabci.

Don haka, 'yan'uwa, in akwai kaka ko inna a gida, a zauna da ita bayan sallar isha'i. A kunna waya a ɗauki muryarta. A tambaye ta daga wane gari aka taso, wa ya auri wa a hanya, wa aka baro. A tura wa dangi na Kano da Maraɗi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Bahaushe, amma wanda ya riƙe labarin gida bai bar shi duka ba.